Ciyaman Ta Taka da Ƙafarta

Ɗana,

Ciyaman ta taka! 'Yarka ta yi tafiya da ƙafafunta, ba ta riƙe komai ba. Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

To, yanzu assalamu alaikum. Ka yi haƙuri na sa labari a gaban gaisuwa. Da malaminmu na ajin yamma zai ga takardar nan, da ya ja mata jan layi tun daga sama. Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, kunnen ma haka. Matarka lafiyarta ƙalau, sai dai gajiyar aikin wankin asibiti, tana fita tun da sassafe.

Ga yadda abin ya faru. Motar ofishin jin daɗin jama'a ta dawo da Ciyaman daga cibiyar gashin ƙashi kamar kullum, direba ya ɗauko ta ya miƙo mini. Ina zaune a baranda ina gyara ƙafar wata kujera. Ka tuna katakon da na kafa mata a jikin bango, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar waje, don ta riƙa dafawa? Tana tsaye ta riƙe shi, da takalman ƙarfenta, tana ba ni umarni yadda ta saba. Sai tef ɗina na awo ya suɓuce daga aljihu ya gangara tsakiyar baranda.

Ta ce, "Tsoho, ka yar da abinka."

Na ce, "Bar shi, amarya, in na gama na ɗauka."

Ta ce, "Kai komai sai ka gama."

Kawai sai ta saki katakon. Ta tafi tana layi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, hannuwa a buɗe, har ta isa wurin tef ɗin, sannan ta zauna daɓas ta ɗauke shi. Ni kuwa guduma na hannuna, bakina a buɗe. Shekara shida muna ɗaukar yarinyar nan daga gado zuwa kujera. Ta dube ni ta ce, "Me kake kallo? Ba ka taɓa ganin mutum yana tafiya ba?"

Na faɗa wa telan da ke ƙasanmu, na faɗa wa mai kanti, na faɗa wa mai karanta mitar wuta wanda ban ma san shi ba. Na san matarka ta riga ta gaya maka a waya. Amma ni da furfura a kaina na koyi riƙe alƙalami, ba zan bar irin wannan labari ya wuce ba a takarda ba.

Abu ɗaya ya rage. Ofishin nan su suka ba da takalman, su ke biyan cibiya, su ke turo mota. Ban taɓa taka ƙafata can ba, matarka ce ke zuwa. Farkon mako zan sa riga mai guga in je in yi musu godiya da bakina. Kai da ka bar gida ka tafi jami'a kana karanta harkar taimakon jama'a, ka rubuta wannan a littafinka: abin yana aiki.

Ni ne mahaifinka.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ka riƙa shafa maganin ko ba ta ciwo. Ni ina lafiya, sai 'yar mura.

Maman Ciyaman ta faɗa mini tun ranar, har ta turo hoto mai motsi. Amma sai da na karanta wasiƙarka na ga tef ɗin yana gangarawa. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na koma ɗaki na sake karantawa. Alhamdulillahi.

Da na kai ƙarshenta na ɗauki waya da sauri, aka ce mini ka riga ka je. Don haka abin da zan rubuta ba hani ba ne, bayani ne, don mu san inda muke.

Taimakon da hukuma ke yi wa jama'a iri biyu ne. Akwai wanda ake ba kowa ba tambaya, kamar ajin yamman da ka yi: ka zo, ka zauna, a koya maka. Akwai kuma wanda sai an auna mutum an ga ya cancanta. Na Ciyaman irin na biyu ne, kuma mataki biyu gare shi. Yaron da ba ya iya tafiya ko kaɗan yana matakin farko: takalma, cibiya kowace ranar aiki, da mota. Yaron da ke iya taka wata 'yar tazara da suka ƙayyade yana mataki na biyu: takalma, cibiya jefi-jefi, babu mota. Tsakanin matakan nan babu gangara, Baba. Wanda ya ɗan samu sauƙi ba a rage masa kaɗan-kaɗan, faɗowa yake yi gaba ɗaya. A ajinmu muna kiran wurin bakin rami.

Ba mugunta ce ta sa aka yi haka ba. Kuɗin na masu biyan haraji ne, su ne kuma masu jefa ƙuri'a. Duk wanda ke neman kujera yana yi musu alkawarin cewa taimako zai isa ga mai buƙata kawai, ba za a yi ɓarna ba. In za a cika wannan alkawari sai an ja layi, in an ja layi kuma sai an yi awo. Ciyaman yanzu tana tsaye a kan layin.

Sannan, Baba, ka gafarce ni, abin nan ba kyauta ba ne. Haƙƙinta ne. Kai ma ka biya haraji duk tsawon shekarun da ka yi kana kafinta. Ba a yi wa haƙƙi godiya.

Ka rubuto mini abin da ka faɗa musu da abin da suka ce, kada ka rage komai. Ka gaishe mini da Ciyaman, ka ce mata ta riƙe tef ɗin da kyau, kakanta ba ya iya ajiya.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ta sake ka. Mu muna lafiya. Ciyaman ta ƙara nisa, yanzu tana zuwa daga gado har bakin kicin, in ta gaji ta zauna ta ce hutun shugabanni ne.

Ka ce kada in rage komai, to ga shi.

Ofishin babban ɗaki ne mai kujerun roba da aka ɗaure da juna a jere. A bakin ƙofa akwai na'urar da ke ba da lamba, a bango kuma allo yana nuna wanda za a kira. Kowa yana rungume da fayil, ni kaɗai na zo hannu sake. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni me aka hana ni. Na ce ba a hana ni komai ba. Ta ɗan matsa gefe.

Da aka kira lambata na je taga, na samu wata yarinya matashiya a gaban kwamfuta.

Ta ce, "Sannu, Baba. Sabuwar buƙata ce ko ƙorafi?"

Na ce, "Godiya ce, 'yata."

Ta ce, "Na'am?"

Na ba ta labarin tef daga farko har ƙarshe. Wallahi ta yi murna, har ta tafa hannu ta kira ta kusa da ita ta ji. Sannan ta duba kwamfutarta ta daɗe tana dubawa. Ta ce duk wanda ya karɓi lamba dole ta rubuta abin da ya kawo shi, in ba haka ba na'urar ba za ta kira na gaba ba. Ta waiwaya ta ce wa shugabanta, "Yallaɓai, wannan baban godiya ya zo yi. A wane gida na fom zan sa shi?"

Ya taso ya leƙa. Ya ce babu gidan godiya. Ya ce ba sabuwar buƙata ba ce, ba ƙorafi ba ne, saura gida ɗaya, wato sauyin halin da mai karɓar taimako ke ciki. Ya ce ta sa a can. Ya ba ni hannu muka gaisa, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa ganin irina ba. Na fito ina jin daɗi, har na sayi lemo a hanya.

Takardarsu ta riga taka isowa. Sun ce sun samu labarin sauyin hali, za su turo mai tantancewa ta zo gida ta ga yarinyar.

Na miƙa wa matarka takardar. Ta karanta, ta ninke, ta ajiye mini shayi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ta saba. Tana da gaskiya. In mota ta tafi, ita ba za ta iya kai Ciyaman ba, lokacin tana bakin aiki. Daga nan zuwa cibiya kuma bas biyu ne, ga gwiwata. Likitar gashin ƙashi ta ce yanzu ne yarinyar ta fi buƙatar zuwa kullum, don ƙafa tana cikin koyo, in aka sake ta za ta koma ta sandare.

Na gane bayanin matakan, ai ni kafinta ne. Maganar haƙƙi ce ban yarda da kai duka ba. Na yi wa mutane ƙofofi ba iyaka. Kuɗinsu suka biya, ƙofar haƙƙinsu ce, amma wanda ya ce mini na gode har yau ina tuna gidansa. Ban yi nadamar godiyar ba. Gidan da aka sa ta ne bai dace ba.

Yanzu ka faɗa mana abin da za mu yi.

Mahaifinka.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na warke sarai.

A gurguje nake rubutu. Gobe za mu fita aikin bincike ƙauyuka, mu tattauna da masu karɓar taimako, kuma an ce wurin ba a cika samun waya ba. Zan jima kafin in dawo.

Labarin gidan godiya ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi. In ka yarda zan sa shi a rubutuna, ba tare da suna ba.

Game da mai tantancewa, ga abin da na sani. Zuwa ɗaya take yi, ta zauna ɗan lokaci, abin da ta samu a ranar shi ke zama gaskiyar yarinyar a fayil. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne su yi wa yaro kwalliya, su nuna bajintarsa, don ba wanda ke son a ga ɗansa a raunane. Kada ku yi haka. Ranar da za ta zo, kada ta tafi da Ciyaman ta ranar tef. Ta tafi da Ciyaman ta ranar da ƙafafu suka ƙi.

Ka nuna wa mamanta wannan. Sai na dawo.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya a inda kake, an kuma samu abin da aka je nema. Mun daɗe ba mu ji daga gare ka ba. Na san ka ce babu waya, don haka ban damu ba. Zan aika wannan ta jira ka a akwati. Jikinmu lafiya. Mai tantancewa ba ta zo ba tukuna, sun ɗaga ranar, wai layi ya yi tsawo.

Na nuna wa matarka wasiƙarka kamar yadda ka ce. Ta karanta layin nan na ranar da ƙafafu suka ƙi, ni ma na sake karantawa, muka dubi juna. Abu ɗaya muka fahimta: ranar da matar za ta zo, yarinya ta zauna.

Matarka ta ce yaro ba ya iya ɓoye abu sai an koya masa. Sai ta mayar da shi wasa. Ta ce wa Ciyaman, "In kin ji an ƙwanƙwasa ƙofa, ki hau kujerarki mai taya ki zauna shiru. Wanda ya riga zama shi ya ci." Ta riƙa buga tebur da cokali suna gwadawa, suna dariya. Ta so in cire katakon bango, na ce a bar shi, ramin ƙusa ya fi katako tona asiri.

Ka san 'yarka, ba a koya mata abu sau biyu. Tela ya hawo ya kawo ɗinki, ya buga ƙofa, kafin in miƙe ta riga ta zauna. Mai mita ya zo, haka. Tana haɗa hannuwa a cinya, ta langaɓar da wuya, ta yi fuskar da ban taɓa ganin ta da ita ba. Ba wanda ya koya mata langaɓar da wuyan. A cibiya ta gani wurin wasu.

Da farko in baƙo ya fita takan tashi ta ce, "Na ci!" Yanzu ba ta faɗa. Ba ta cika tashi ba ma. Tef ɗin da take yawo da shi ta ajiye shi a ƙarƙashin filo. Likitar gashin ƙashi ta aiko direba ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gida, don ko a cibiya in aka buɗe ƙofa sai yarinyar ta zauna a ƙasa.

Shekaranjiya ina goge mata takalma, ta ce, "Tsoho."

Na ce, "Na'am, ranki ya daɗe."

Ta ce, "In na iya tafiya sosai, za su zo su ƙwace takalmana?"

Na ce ba za su ƙwace ba.

Ta ce, "To me ya sa muke ɓoyewa? Tafiya laifi ce?"

Na ce mata in na gama goge takalmi zan ba ta amsa. Ta ce, "Kai komai sai ka gama." Har yanzu ban ba ta ba.

Ba na ganin laifin matarka. Ita ce ke tsayuwa a gaban injin wanki daga safe zuwa la'asar, ita ce za ta rasa yadda za ta yi in mota ta daina zuwa. Kai ma ba na ganin laifinka, ka faɗi abin da ka sani. Ni na ja mana wannan da rigata mai guga. Amma ina so ka san matsayina. Ranar da matar za ta zo, ba zan ce wa yarinyar nan ta tashi ba, ba kuma zan ce ta zauna ba. In aka tambaye ni, abin da na gani zan faɗa. Muna ƙoƙarin riƙe motar da ke kai ta koyon tafiya, ita kuma tana daina tafiyar. Wannan lissafin ya fi ƙarfin ɗan ajin yamma.

Mahaifinka.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya, na samu wasiƙarka a akwati. Ina fatan kuna lafiya.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Na so in ce ku faɗa wa matar gaskiya dukanta, har da ɓangaren da ba a son faɗa: safiyar da ƙafafu ke sandarewa, faɗuwar da take yi, matattakalar da ba ta iya hawa. Ku ba ta labarin ranar wuya da baki, kada murna ta rufe shi. Ban ce a zaunar da ita ba. Amma na sake tuna kalmomin da na rubuta muku, na ga duk wanda ya karanta su a gidanmu, da tsoron da ke gidanmu, haka zai fahimta. Na rubuta cikin sauri, kamar ina ba ɗalibi shawarar jarrabawa.

A ƙauyen da muka je na haɗu da wani mutum da ke tura keken ɗinkinsa gidan maƙwabci duk ranar da jami'i zai zo, don kada a ce yana da sana'a. Na rubuta labarinsa hankalina kwance, na ce wannan misali ne mai kyau na yadda awo ke koya wa mutane ɓoye ƙarfinsu. Na dawo na tarar da misalin a gidana, da takalman ƙarfe.

Na kira mamanta mun yi magana mai tsawo. Ta yi kuka, ta ce ita ta ɗauka umarnina take bi. Mun yarda a faɗa wa Ciyaman an gama wasan. In mota ta tafi, ta tafi. Doka ta ba mu damar ɗaukaka ƙara gaban wani kwamiti, ni zan rubuta, likitar cibiya ta sa hannu. Ba na yi muku alkawarin za mu ci.

Amsar da ba ka ba ta ba, ka ce mata babanta ya ce tafiya ba laifi ba ce. Ka ce shi ma yana koyo.

Ɗanka.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Barka da dawowa. Ina fatan ka huta gajiyar hanya. Muna lafiya. Gwiwa tana ƙorafi fiye da da, za ka ji dalili.

Na isar da saƙonka. Matarka ma ta zaunar da ita ta ce an gama wasa. Ciyaman ta ce to, amma ba ta yarda da mu ba. Ta ɗauka wannan ma cikin wasan ne.

Mai tantancewa ta zo da hantsi, matarka ta ɗauki hutun ranar. Mace ce mai ɗan shekaru, da jaka a kafaɗa da takalmin wanda ya saba hawa benaye. Tana buga ƙofa, yarinyar ta hau kujera ta langaɓar da wuya. Na miƙe na buɗe mata.

Matar ta gaishe mu, ta gaishe da Ciyaman, ba ta samu amsa ba. Ta dubi katakon bango, wurin da hannu ya goge shi har ya yi sheƙi. Ta ɗaga ƙafar yarinyar ta duba ƙasan takalmi, wanda ya cinye ta gefe. Ta zauna ta buɗe takardunta ta ce a ba ta labarin rana mai wuya. Matarka ta ba ta, tiryan-tiryan, har da abubuwan da ni ban sani ba.

Sannan ta ce, "Tana tafiya?"

Ni aka sani da baki, amma na ga amsar nan ba tawa ba ce. Matarka ta dubi 'yarta, sannan ta ce, "Tana yi."

Matar ta ce sai ta auna baranda don ta san tazarar da yarinyar ke takawa, ta shiga laluben jaka tana neman abin awo. Matarka ta ce, "Ciyaman, tashi ki ɗauko wa baƙuwa tef ɗin kakanki."

Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Wasan fa?"

"An gama, na ce miki."

"Wa ya ci?"

"Ke."

Ta sauko. Ƙafafun sun ɗan manta, ta yi tangaɗi, ta dafa katako, ta saki. Ta shiga ɗaki ta fito da tef, ta miƙa wa matar ta ce, "Ki dawo mini da shi, Tsoho ba ya iya ajiya." Matar ta auna, ta rubuta, ta mayar mata.

Sakamako ya zo. An mayar da ita mataki na biyu, mota ta tafi. Abin da matar ta iya yi ta yi: ta rubuta cewa a bar mata cibiya kowace ranar aiki har likita ta sake dubawa. Da na raka ta matattakala ta ce mini, "Baba, ba ni na ja layin ba, awo kawai nake yi. Waɗanda kuka zaɓa su suka ja shi." Na ce na gode. Ta ce, "Kada dai ka je ofis ka faɗa."

Takardar ɗaukaka ƙarar da ka turo mun kai, an sa ta a gidan ƙorafi, wannan karon gidan ya dace. Ba mu ji komai ba tukuna. Motar tana bi ta layinmu har yanzu, direba yakan danna oda in ya zo ƙofarmu. Ya ce kujerar Ciyaman ta cikin motar an ba wata yarinya a bayan kasuwa, wadda ta daɗe tana jira, ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Na yi ƙoƙarin in ji haushi, abin ya ƙi.

Ni nake kai ta a bas. Ba kullum muke samun zuwa ba, ran da gwiwa ta ƙi sai mu yi abin da likita ta koya mana a baranda. Daga gindin matattakala zuwa tasha da ƙafarta take zuwa. Muna hutawa a bencin tela, mu sake hutawa a dakalin mai kanti. Tana cewa ni ne na gaji.

Ina da buƙata. Wakilin unguwarmu zai zo taro da jama'a a makarantar firamare, tunda zaɓe ya matso. Ka rubuto mini maganar nan ta gangara a shafi ɗaya, da kalmomin da zan iya karantawa a tsaye ba tare da na yi tuntuɓe ba. Duk kafinta ya san in mataki ya yi tsayi ana sa gangara. Zan faɗa masa, ya ji ko kada ya ji.

Saura babban labari, wanda na daure na ajiye shi ƙarshe don malaminmu ya huta. Na kwance sakatar ƙofar waje na sauko da ita daidai tsayin hannunta. Jiya tela ya buga ƙofa. Na yi kamar ban ji ba, ai kunnen nawa kowa ya san shi. Na ga ta dubi kujerar, ta dube ni. Sannan ta ce, "Gidan nan ba mai buɗe ƙofa sai ni?" Ta tafi ta buɗe.

Don haka ka zo. Ko hutun bai yi ba, ka nemi izini ka zo. Ka faɗa wa goggonninta da kawunnanta, ka taho da abokin ɗakinka, har malamin da ke koya muku bakin rami in yana da lokaci. Ku zo ku ƙwanƙwasa sau ɗaya, sannan ku yi haƙuri ku jira, kada ku sake bugawa. Daga ɗaki zuwa ƙofa akwai 'yar tafiya. Ku tsaya ku ga mai buɗewa.

Ni ne mahaifinka, kakan Ciyaman.